Nemai-da da Wasiƙar Manomi

Nemai Laha ya yi shekara talatin da ɗaya yana yanka tikiti a cikin tiram, jirgin nan da ke jan jiki a tsakiyar titunan Kolkata yana buga ƙararrawa. Amma in ka shiga lungunmu a Bagbazar ka tambaye shi, ba tiram za a fara ambata maka ba. Cewa za a yi, "Au, mai kaset?" Sai a nuna maka koriyar ƙofa.

Ni Nemai-da nake ce masa, don ya girme ni da shekara biyu. Matarsa Tapati kuwa Boudi nake kiranta, yadda ake kiran matar wa. Bango ɗaya ya raba ɗakinmu da nasu, kuma bangon ba shi da kauri. In ya yi atishawa, matata ce ke ce masa sannu.

Siriri ne, mai dogon wuya, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace saboda jakar fata da ya daɗe yana ratayawa. Aikin ya bar masa wata ɗabi'a: ba ya iya cin abinci a zaune. A bakin ƙofar kicin yake tsayawa da farantin a hannu, ƙafafu a buɗe, kamar gidan zai sha kwana.

"Kana ji?" in ji Boudi, don ba ta kiran sunansa. "Zauna mana. Shinkafar nan ba tiram ba ce, ba za ta tafi ta bar ka ba."

"A tsaye ta fi wucewa."

"Ta wuce ina? Dube ka kamar sandar shanya."

Na ji wannan ta cikin bango ya fi sau dubu.

A shekarar 1985 na sayi talabijin, baƙi-da-fari, mai ƙofofin katako da ake jan su kamar na kabad. A lokacin ina aikin gyaran wayoyin lantarki, sai mutane suka ga ya dace ni ne zan fara kawo irin wannan abu lungun. Kowace Lahadi da ƙarfe goma na safe akan nuna wani tsohon shirin Turawa, wanda aka yi tun muna samari. Yana da suna da Turanci, amma mu shirin ƙarfe goma muke ce masa. Kowane mako labari daban, mutane daban, kuma duka a kan gobe ne ko a kan wasu duniyoyi. Akwai na garin da ake sayar da ruwan sama a kwalba. Akwai na mutum-mutumin ƙarfe da ya ƙi yin aiki sai an raɗa masa suna. Jiragen samansu kamar murfin tukunya suke, kuma in ka zura ido kana ganin zaren da aka rataye su da shi.

Na nuna masa zaren wata rana. Bai ɗauke ido daga gilashin ba.

"Abani," ya ce mini, "ai zaren ma yana da kyau."

Turancinsa na makarantar firamare ne, da ɗan abin da ya tsinta a bakin fasinjoji. Yakan zauna a ƙasa, gwiwoyi a ƙirji, ƙaramin ƙamus a gefe, ba ya buɗe shi sai an gama. Ya taɓa gaya mini cewa da safe, in hazo ya rufe filin Maidan tiram yana ratsawa a hankali, yakan ji kamar sun bar ƙasa tuni, fasinjojin ne kawai ba su lura ba.

Labari na goma sha tara shi ne na manomi. An kai wani mutum wata duniya busasshiya shi kaɗai, aka ba shi ƙwayar iri ɗaya da wasiƙa ɗaya a liƙe, aka ce kada ya buɗe ta sai itacen ya yi ɗa. Muka ga yana ban ruwa da cokali. Muka ga gashinsa ya yi fari. Shekara arba'in cikin minti ashirin. Sai wata safiya ya fito, ga ɗa guda ɗaya yana lilo a reshe. Ya koma ciki, ya ɗauko wasiƙar daga ƙarƙashin filo, ya zauna a gindin itacen, ya sa yatsa ya fara yage bakin ambulan.

Sai aka ɗauke wuta.

Hoton ya tsuke ya koma ɗigo fari a tsakiyar gilashin, ɗigon ma ya mutu. Fanka ta yi juyi uku ta tsaya. Nemai-da bai motsa ba. Ni kuwa ba a jima ba aka aiko daga wurin aiki a kira ni, na ɗauki jakata na fita, ban dawo ba sai yamma, kayana na warin ƙonannen mai.

A ranar Boudi ba ta nan, ta je gidan mahaifinta da ke bakin magudanar ruwa, lungu huɗu daga namu. Da ta dawo bayan azahar ta tarar da shi zaune a matakalar ƙofa, shinkafarsa a rufe bai taɓa ba. Matata ce ta ba ni labarin.

"Wa ya mutu?" in ji Boudi.

Ya gaya mata.

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ce, "Au, wannan? Ai mu ba a ɗauke mana ba. Na gani har ƙarshe. A cikin wasiƙar..."

Ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. "Kada ki faɗa! Kada ki kuskura! Da idona zan gani."

"To tashi ka ci abinci."

Ya tashi ya ci, a tsaye.

Ba a sake nuna shirin ba. An yi labari ashirin da shida, aka maye gurbinsa da wasan ƙwallo. Nemai-da ya daina shan taba na shekara huɗu, ya sayi na'urar bidiyo ta hannu, mai nauyin buhun shinkafa, sannan ya shiga nema. Ranar hutunsa ya zama ba ya gida. Ya bi shagunan hayar kaset, ya bi kasuwar tsofaffin kaya, ya je Khidirpur wurin ma'aikatan jiragen ruwa masu dawowa da kaya daga ƙasashen waje. Ya yi ta musayar wasiƙu da wani malamin makaranta a Shillong da wani likitan haƙori a Pune, mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba, masu irin ciwonsa. Yawancin abin da yake samu kwafi ne na kwafin kwafi. Fuskokin sun dusashe, kamar mutanen suna magana daga cikin hazo. Shi ya ce hakan ya fi, wai daga nesa suke zuwa, dole su gaji a hanya.

Yana da tsarinsa. Kowane kaset sai ya liƙa masa takarda ya rubuta lamba, sannan ya ɗauko abin huda tikitinsa. Huda ɗaya, hoto garau. Huda biyu, akwai hazo. Huda uku, sai mai haƙuri. Ya jera su a kabad ɗin ƙarfe tare da ganyen darbejiya da ƙananan ƙulle-ƙullen ɗanyar shinkafa don su shanye laima. In damina ta yi nisa yakan fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe bakin, ya juya zaren da yatsa a hankali yana shafawa da auduga. Ba wanda ke taɓa kabad ɗin. Bai kuma taɓa yi wa kowa bayanin dalili ba. Mutum ne da ya saba cewa "matsa gaba" ba tare da ya faɗi me ke gaban ba.

Cikin shekara goma sha biyu ya haɗa ashirin da biyar. Tsakanin na goma sha takwas da na ashirin ya bar fili daidai faɗin kaset ɗaya. Yana goge ƙurar wurin.

Amma wasiƙar ba ta bar gidan ba. Ta zauna tare da su kamar baƙon da ya zo kwana biyu ya zama ɗan gida. Yana tsaye da farantinsa sai ya ce:

"Na gane. An rubuta masa cewa duniya ta ƙare, shi kaɗai ya rage."

"Ƙara miya?" in ji Boudi.

"Na kusa ko?"

"Ko hanyar ba ka kama ba, malam kwandasta."

Bayan wata biyu kuma: "Farar takarda ce. Ba komai a ciki."

"Kai dai da son abin baƙin ciki. In faɗa maka ka huta?"

"A'a!"

"To ci kifinka, ka kula da ƙaya."

Har gardamar ɗan itacen suke yi. Shi ya ce gwaiba ce. Ita ta ce mangwaro ne, wa zai yi shekara arba'in yana jiran gwaiba? A hoto baƙi-da-fari ba mai iya raba su. 'Yarsu Jhumur ta tashi cikin wannan gardama, ta yi karatu, ta yi aure, ta tafi Bangalore, ta bar su a kai.

A watan Bhadro, wajen ƙarshen damina, in ruwa ya ɗan tsagaita rana ta fito da zafinta, duk abin da ke cikin akwati sai ya hau saman bene. Haka muka tarar. Barguna, zannuwan sari na aure, rigunan sanyi, littattafai a kife kamar tantabaru sun buɗe fiffike, kwalaben tsami, takalman fata da suka yi kore. Abin da laima ta kama, ranar Bhadro ce maganinsa. Uwata ta taɓa shanya takardun gida, har da hoton kakana, ta ce shi ma ya sha iska. Kowace shekara Boudi takan tsaya gaban kabad ɗin hannu a ƙugu.

"Kawo 'ya'yan nan naka su ga rana."

"Bar su."

"Kamar kishi kake da rana."

"Bar su dai."

A shekarar 2006 Nemai-da ya riga ya ajiye aiki. Duniya ta bar kaset, shagunan haya sun koma sayar da waya. An yi kwana goma sha ɗaya ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, har bangon ɗakina ya fara gumi. Ran na goma sha ɗaya sai ga Hashmat, mai sayen tsofaffin jaridu da kwalabe, da buhu a ka, ya jiƙe sharkaf. Ya san Nemai-da shekara da shekaru, yakan ware masa duk baƙin akwatin kaset da ya faɗo hannunsa.

"Laha-babu!" ya kira shi da lakabin girmamawa. "Fito ka ga gawarwaki. Wani tsohon injiniyan jirgin ruwa ya rasu, 'ya'yansa sun ce in kwashe komai."

Ina wurin. Muka zazzage buhun a zaure. Bikin aure, wasan ƙwallo, bikin aure. Sai Nemai-da ya ɗauko ɗaya ya tsaya. A jikin takardar an rubuta kwanan wata da shuɗin biro, wata Lahadi ta 1985, da kalma ɗaya ta Turanci wadda ko ni na iya karantawa: manomi.

Ya ƙura wa takardar ido.

"Ya dai, Laha-babu?" in ji Hashmat. "Ka ga kamar an ce maka surukarka ta zo zama."

Ta 'yar tagar kaset ɗin ana ganin zaren ya yi fari fat da fumfuna, kamar an barbaɗa masa gari. Nemai-da ya san in ya sa shi a na'ura haka, zaren zai tsinke, na'urar ma ta lalace. Shekara ashirin da ɗaya ya jira, ya ce kwana ɗaya ba komai ba ne. Sifirit ɗin da yake goge kaset da shi ya ƙare, kuma wannan aikin yana son sabon ƙyalle mai laushi, sai a kasuwar Chandni. Ya shimfiɗa tawul a kan tebur, ya kwantar da kaset ɗin shi kaɗai, nesa da 'yan'uwansa don kada ya shafa musu.

Washegari gari ya waye tas. Ya sa farar rigarsa, ya ɗauki lema duk da haka. A bakin ƙofa ya juyo.

"Kada a sa shi cikin kabad. Laima ta kama shi."

Abin da ya faɗa ke nan, ba ƙari. Ya tafi, kuma a tiram ya tafi, don bai yarda akwai wata hanyar zuwa ko'ina ba.

Kafin ƙarfe tara duk lungun ya hau sama. Rana irin wadda ke sa kwalta ta yi laushi. Ina kan namu benen ina kife littattafai, sai na hango Boudi tana bugun bargo da sanda, ƙura na tashi kamar hayaƙin turare. A kan murfin kwano na tankin ruwansu akwai farin tawul, a kan tawul ɗin wani abu baƙi yana ƙyalli. Na bar tabarauna a ƙasa. Na ɗauka littafin addu'a ne. Da rana ta take, na ga ta je ta juya shi, yadda ake juya yankakken mangwaro in ana busarwa, don ɗaya gefen ma ya samu.

Ƙarfe uku ya dawo da 'yar kwalba da ƙyalle a naɗe cikin jarida. Na ji muryarta ta cikin bango, da fara'a:

"Hau sama ka gani. Na rage maka aiki, farin nan duk ya bushe."

Ban san lokacin da na bi bayansa ba.

Kaset ɗin ya lanƙwashe kamar busasshen kifi. Da ƙyar ya ɓalle bakin. Zaren ya manne da juna, ya zama dunƙule ɗaya kamar alewa, inda ya ja kuma ya miƙe ya yi siriri ya tsinke a hannunsa. Takardar ce kawai ba abin da ya same ta. Boudi ta hawo tana goge hannu da bakin sarinta, ta ga fuskarsa, ta ga abin da ke hannunsa.

"Ka ce laima ta kama shi," ta ce a hankali.

"Na ce."

"Komai da laima ta kama..."

"Na sani."

"Ba ka taɓa cewa rana na yi musu illa ba. Cewa kake in bar su. Na zaci rowa ce."

Bai ɗaga murya ba. Ya naɗe kaset ɗin cikin tawul, ya sauka. Hankaki biyu na kan wayar eriya suna kallonmu.

Kwana uku bangon nan bai kawo mini komai ba. Ba gardama, ba ƙarar na'ura. Matata ta ce shinkafa na komawa kicin yadda ta fito. Na yi niyyar shiga, na rasa abin da zan shiga da shi.

Rana ta huɗu da la'asar ina sama ina kwashe littattafai. Boudi na naɗe barguna a nasu benen, katangar da ke tsakaninmu ba ta wuce ƙugu ba. Sararin ya yi launin cikin gwanda, yara can nesa sun saki filfilon takarda mai dogon zare sama, ƙararrawar tiram na zuwa daga babban titi kamar daga ƙarƙashin ruwa. Sai ga Nemai-da ya hawo. Ya tsaya ya daɗe yana kallon wajen kogi. Sannan ya zauna a kan tarin barguna masu ɗumin rana.

"To," ya ce. "Faɗa."

Ta bar naɗin. "In faɗa?"

"Faɗa. Abani, tsaya, kai ma ba ka gani ba."

Ta zauna a gefen tankin. Ta gyara sarinta a kai. Ta dubi hannuwanta, kuma na ga ta ɗauki lokaci fiye da yadda mai tuna abu kan ɗauka.

"Ya yage ambulan," ta ce. "Takardar ta kuɓuce masa ta faɗi, iska ta ja ta, ya bi ta da rarrafe."

"Akwai iska a can?"

"A ranar an yi. Za ka ji ko za ka yanka mini tikiti?"

"Ci gaba."

"Ya buɗe. Ya zaci rubutun manyan da suka aike shi ne, da hatimi. Ashe rubutun matarsa ne. Ita ta karɓe tasu takardar ta sa tata."

"Yana da mata?"

"Wa ya ɗinke masa filon da yake ɓoye wasiƙar? Layi uku ne kawai. Ta ce: In ka ga wannan, itacen ya yi ɗa, sannu da aiki. Kada ka ci a tsaye. Ka zauna, ka raba shi biyu, ka ajiye rabi, ina hanya."

Wani filfilo ya tsinke can sama, ya yi ta tafiya wajen kogi ba mai riƙe da shi.

"Sai me?" in ji Nemai-da.

"Sai ya raba. Ya ci nasa a zaune. Ya rufe ɗaya rabin da hularsa. Ya ɗaga kai, sai ga wani ɗan haske yana saukowa a hankali."

"Da zare?"

"Da zare. Ana ganinsa sarai."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya dube ta ta gefen ido.

"Duk wannan da Turanci aka rubuta?"

"Da me za a rubuta?"

"Yaushe kika iya Turanci?"

"Fuskarsa na karanta. Kai da ƙamus ɗinka me ka tsinta shekara ashirin?"

Wani sauti ya fito masa ta hanci, wanda ban ji irinsa ba kwana huɗu. "Gwaiba ce dai."

"Mangwaro ne. Na ga ƙwallon da ya raba."

"Ba a raba ƙwallon mangwaro."

"A can ana rabawa. Sauko, akwai kifin ilish da miyar mustad."

Suka sauka. Na ji an jawo kujera.

Akwai abin da ban faɗa a kan benen ba, kuma ban faɗa ba bayan nan. A waccan Lahadin ta 1985, babbar taransifoma ce ta ƙone. Ni na hau ta. Daga lungunmu har bakin magudanar ruwa, gida-gida, ba inda ƙwan lantarki ɗaya ya kama sai bayan ƙarfe biyar. Na san layin nan kamar jijiyoyin hannuna. Na kuma san cewa mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana duban fuskokin masu cewa sun riga sun biya ba ya rasa gane wasu abubuwa. Ban tambaye shi ba. Ita ma ban tambaye ta ba.

Bayan wasu shekaru Jhumur ta zo hutu da waya mai faɗi, ta ce yanzu duk tsofaffin shirye-shiryen nan suna ciki, minti ɗaya ta nemo masa na manomin.

"Baba, faɗi sunan kawai."

"Na riga na gani," ya ce, yana zaune yana ɓare gwaiba.

Yanzu na'urar ta daina aiki, ba mai gyara irinta a Chandni. Duk da haka yakan buɗe kabad ɗin in damina ta yi nisa, ya canja ganyen darbejiya. Watan jiya ya kira ni in riƙe masa tocila, don idanunsa sun yi rauni. Tsakanin na goma sha takwas da na ashirin babu sauran fili. Lanƙwasasshen kaset ɗin na nan, bai zauna daidai ba, ya ɗan turo kai waje. Ya liƙa masa lambarsa. Na matso da hasken kusa da takardar, na duba da kyau.

Huda ɗaya ce.